Ana Ga Yaƙi, Ni Ina Ga Ƙura

Ranar da ƙanena da ke zaune a Ingila ya bugo waya ya ce, "Yaya, in zan zo hutu zan taho wa Abba da tanka," uwargida tana kusa, kuma rabin maganar ta tsinta. Nan take ta hau sa masa albarka. Shekara biyu ke nan tana yi mini mitar kuɗin 'yan garuwa, ga shi Allah ya kawo mai saya mana tankin ruwa, har ta fara nuna inda za a girke shi a tsakar gida. Ban ga laifinta ba. Turawan Ingila da suka fara shiga fagen fama da tankar yaƙi a Somme, cikin Satumban 1916, da gangan suka laƙaba mata sunan tankin ruwa don kada 'yan leƙen asirin Jamus su gane abin da ake ƙerawa. Tarkon da aka ɗana wa Jamusawa ne ya zo ya kama Maman Abba bayan shekara ɗari da ɗoriya.

Da tsarabar ta iso, sai ga kwali wanda bai kai na takalmi ba. A bayansa an zana tanka tana keta sahara, sojoji na biye da ita, kowa ya ɗaure fuska. Da aka buɗe kuwa, babu tanka babu alamarta, sai wasu 'yan tarkacen roba manne a jikin firam kamar ƙayar kifin da aka cinye. Abba, ɗan shekara tara, ya miƙa hannu zai ɗauka. Sai na ji bakina ya furta kalmar nan da iyaye suka gada kaka da kakanni: "Kawo in ajiye maka."

Duk wanda ya taɓa samun barka da Sallah yana yaro ya san makomar abin da aka ce za a ajiye masa. Iyaye mata sun ƙware a kan kuɗi, mu maza kuma kayan wasa ne namu. Ba za ka taɓa jin magidanci ya ce ya sayo wa kansa abin wasa ba. Na yara ne. Amma je ka gidan da dare, za ka tarar yaran an kora su barci, uban ya baje a falo, ya zaro harshe gefe guda, yana "duba musu ko yana aiki."

Tankar tawa, wato ta Abba, Panzer II ce ta Jamus, ƙirar kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan. Tun 1971 ake buga wannan samfurin, ya ma girme ni, kuma har yau shi ake yawan miƙa wa sabon shiga saboda sassansa ba su da yawa. Ma'auninsa 1/35, ma'ana an kasa tsawon tankar gaske gida 35 an ɗauki ɗaya, sai mai kusan mita biyar ta koma abin da bai kai santimita 14 ba. Na zaci wasu shehunan lissafi ne suka zauna suka fitar da wannan adadi. Ashe ba haka ba ne. Kamfanin, wanda ya soma da sana'ar katako a 1946, ya ƙera wata tankar Panther mai tafiya da batir a farkon shekarun 1960, aka yi mata girman da batiran za su shige cikinta, da aka auna sai aka ga ta faɗa a kan 1/35. Shi ke nan, duniya ta bi. Yau dattawa masu furfura suna rantsuwa da wannan lamba, alhali asalinta ramin batir ne.

A cikin kwalin akwai takardar bayani, mai hotuna da lambobi, mataki bayan mataki. Na yi mata kallo ɗaya na ture. Mu da muka ƙera motar kara da ta langa-langa tun ba mu san karatu ba, muka yanka tsohon silifas muka yi taya, wa zai koya mana haɗa mota? Namiji da takardar bayani, ai sai in abu ya ɓaci. Na kama sassan ina murɗewa da hannu kamar mai cirar zogale. Sai daga baya na ji cewa da ɗan almakashi na musamman ake yanke su, a bi wurin da reza, a goge da samfefa mai laushi.

Gam ɗin ma da nasa halin. Narkar da robar yake yi, ɓangarorin biyu su haɗe su zama ɗaya kamar walda, don haka ɗigo kaɗan ake sa wa. Ni kuwa na zuba shi irin zubin manja a kan wake, na kuma danne da babban yatsa don ya kama da kyau. Ya kama. Har gobe zanen yatsana yana nan a gaban tankar, raɗau, ya fi wanda hukumar zaɓe ta ɗauka fitowa.

Dare na uku wani ɗan mitsitsin abu, fitilar gaba ce ko mene ne, ya yi tsalle daga bakin hantsaki ya faɗa kan kafet. Masu wannan harka a Turai sun daɗe da yarda cewa akwai dodo a cikin kafet mai haɗiye sassa, ni ma yanzu na ba da gaskiya. Na yi rarrafe da tocilan waya na fi rabin sa'a. Uwargida ta leƙo ta same ni a ƙarƙashin kujera.

"Malam, lafiya? Nawa ne suka faɗi?"

Na ce ba kuɗi ba ne, fitilar tanka ce. Ta tsaya ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda za a fara nema wa rubutu, ta ja ƙofa. Fitilar kuwa da asuba na same ta, da tafin ƙafata.

Sarƙar da tankar ke tafiya a kai ta roba ce mai laushi, ana haɗa bakinta biyu ne a ɗan narkar da 'yan ƙusoshin jikinta da kan ƙarfe mai zafi. Na sa ƙusa a wuta har ta yi ja. Abin da ya biyo baya bai kamata a buga a jarida ba. Ta hagun dai da zare da allura aka ɗinke ta, kuma ba ni na ɗinke ba.

Da na kai ƙara wurin ƙanena, sai ya ce kayan aiki ne ba ni da su, ya turo jeri: almakashin roba, wuƙa mai tsini, burushi siriri da matsakaici da mai faɗi, fentin shimfiɗa, fenti ruwan ƙasa, ruwan toka, baƙi, da ruwan tsinka fenti. Da na haɗa lissafi sai na ga kuɗin kayan aikin sun ninka na tankar ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An ba ka akuya kyauta, an ce igiyar ɗaure ta dubu hamsin. Uwargida ta tambayi nawa na kashe, na faɗa mata abin da maza ke faɗa tun daga Kano har Shizuoka, wato kashi ɗaya cikin uku, da ƙarin bayanin cewa ragi aka yi mini.

A nan ne ƙanena ya buɗe mini cikin 'yan ƙungiyarsu, tsofaffin Turawa da ke haɗuwa suna baje kolin tankokinsu. Ya ce kusan kowannensu yana da ɗaki ko saman rufi cike da kwalayen da bai taɓa buɗewa ba, wani ko zai shekara ɗari yana haɗawa ba zai gama ba, amma gobe in an fito da sabo shi ne a gaban layi. Na yi dariya har da hawaye, sai na tuna akwatunan atamfar da ke ƙarƙashin gadonmu waɗanda tela bai taɓa gani ba, da hulunan da nake tarawa alhali kaina ɗaya ne. Na yi shiru.

Akwai kuma waɗanda ake kira masu ƙirga ƙusa. Su ba sa kallon tanka, laifinta suke nema. Ka kwana arba'in kana aiki, mutum ya sa tabarau ya sunkuya ya ce wannan launin rawaya mai duhu sai a Fabrairun 1943 sojan Jamus ya mai da shi na kowa, kai kuma ka shafa wa tankar 1941. Za a yi ta musu a kan ainihin launin fenti, ana kafa hujja da hotunan da yawancinsu baƙi da fari ne. Wasu har takakkiya suke yi zuwa gidan tarihin tankoki na Bovington a kudancin Ingila, su kewaye Tiger 131, wadda aka kama a Tunisiya a 1943 kuma ita kaɗai ce Tiger I da injinta ke tashi har yau, suna leƙen ƙarƙashinta kamar dillalan shanu a kasuwar Wudil. Irinsu muna da su a kowace majalisa: bai taɓa buga ƙwallo ba amma shi ke gyara wa koci, bai taɓa ɗora bulo ba amma ya san ginin maƙwabci ya karkace.

Na dai daure na yi fenti. Hannu na farko na lafta shi da kauri har ƙusoshin jikin tankar suka nutse, na kankare, na sake bi a tsinke sau uku kamar yadda aka ce. Alamomin jikinta 'yan takardu ne da ake jiƙawa a ruwa su sulɓe, guda ta naɗe a yatsana ta ƙi sauka. Sojoji biyar ɗin da suka zo a kwalin na yi musu idanu, suka fito kamar waɗanda aka gaya wa farashin buhun shinkafa. Duk da haka tanka ta yi kyau, tana ƙyalli kamar motar amarya. Na ɗauki hoto na tura Ingila, na zauna jiran yabo.

"Yaya, ta yi sabuwa da yawa."

Na ce to da me ake so ta yi? Ya ce tsufa. Wai sai an ga tsatsa, da ƙujewar fenti, da tabon mai, da taɓo a sarƙa, sannan ta amsa sunan tanka. Ya shiga koya mini dabarun ɓata abin da na sha wuya na gyara. A tsinka baƙin fenti ya zama ruwa-ruwa a bar shi ya kwanta a lunguna. A tsoma guntun soso a fenti a riƙa dangwalawa a gefuna. Wasu gishiri suke barbaɗawa kafin hannu na ƙarshe, in ya bushe su karkaɗe, fenti ya fito a ɓamɓare. Wasu kuma man feshin gashi na mata suke fesawa a tsakanin fenti biyu, su bi da jiƙaƙƙen burushi. Ka ji fa, gishirin miya da kayan kwalliyar uwargida, duk a kan hanyar yaƙin duniya na biyu.

Abin ya ɗaure mini kai, don mu nan akasin haka muka iya. Mutum zai sayi mota ya bar ledar kujeru shekara biyu, yana zamewa a kai yana gumi, don dai a san sabuwa ce. Takardar da aka manna a gilashin talabijin ba a ɓare ta sai ta gaji ta faɗi da kanta. Su kuma can suna kashe kuɗi da dare don sabo ya koma tsoho. Ga tsohuwar motata a ƙofar gida, tsatsa ta gaske, ƙujewa ta gaske, aikin shekara goma sha biyar na rana da ramuka, ko mutum ɗaya bai taɓa tsayawa ya ce sannu da fasaha ba.

Wanda ya ƙarasa ni shi ne batun ƙura. Ashe akwai kamfanoni a Sifaniya da ke zuba garin launi a 'yan kwalabe su sayar, kowace da sunanta: wannan ƙasar Turai, wannan taɓo, wannan kuma ƙurar Arewacin Afirka. Ƙanena ya ce zai aiko mini da ta ƙarshen, tunda tankokin Janar Rommel na Jamus da aka sauke a Tarabulus a farkon 1941 da fentinsu ruwan toka suka iso, sojojin suka riƙa shafe su da laka don su saje da sahara. Na ce dakata. Ni, mutumin Kano, za a aiko wa da ƙura daga Turai, a cikin jirgi, in biya da fam? Ana ga yaƙi, ashe mu ƙurar ma sai mun saya.

Na yi fushi na ɗora tankar a kan taga, na tafi ƙauye ɗaurin aure da wasu hidimomi. Lokacin hunturu ne, iskar da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi tana kan ganiyarta. Bayan mako biyu na dawo na tarar Allah ya yi ikonsa. Ƙura ta kwanta a kowane lungu, ta shiga tsakanin tayoyi, ta dusashe ƙyallin, har zanen yatsana ta rufa wa asiri. Na tura hoto. Kafin la'asar ƙanena ya bugo yana haki, wai tsofaffin sun taru a kan wayarsa, har da babban mai ƙirga ƙusarsu, suna tambayar kwalba mai lamba nawa na yi amfani da ita. Na ce ya gaya musu haɗi ne na gida, sirrin zuri'a, amma in suna so ana aunawa a mudu.

Daren nan na yi barci da murmushi. Washegari na dawo daga masallaci na iske tankar a kan tebur tana walƙiya, ruwa na ɗiga daga bakin bindigarta.

"Malam, na ga abin nan naka ya yi butu-butu, na sa an wanke maka shi da soso da sabulu."

Ban ce uffan ba. Me zan ce? In tsaya a tsakar gida in yi faɗa a kan an wanke datti?

Abba kuwa, da ya gaji da jiran a gama ajiye masa, ya haɗa kai da yaran maƙwabta suka samo gwangwanin madara, da murafen lemo, da bututun tsohon biro. Tsakanin azahar da magariba suka ƙera tasu. Kanta yana juyawa, ana jan ta da zare tana tafiya, abin da tawa ba ta taɓa yi ba, kuma tun ranar farko ta yi ƙurar da ake nema.

Ƙanena zai sake zuwa da babbar Sallah. Na ce ya taho da Tiger I, samfurin farko, mai tayoyi 24 a kowane gefe, 48 ke nan, kowace sai an zagaye bakinta da baƙin fenti. Na riga na gaya wa uwargida ta Abba ce.