Ɗabi'un Mahaya Jirgin Ƙasa Tsakanin Zariya da Kano

Tun daga shekarar 1911, sa'ad da dogon da aka faro daga Baro ya ratsa ƙasar Zazzau ya isa Kano, mutanen Kudan da Makarfi da Ikara, waɗanda kakanninsu suka saba auna tafiya da zango da ƙarfin jaki, suka wayi gari da wani abin hawa wanda ba ya jin lallashi, ba ya jin tsawa, bai san sarki ba balle talaka. Kuma da yake mai mota ana iya roƙonsa ya dakata a ɗauko mantuwa, shi kuwa jirgi in ya tsaya ba mai tayar da shi, in ya tashi ba mai tsayar da shi, sai ya zamana duk wanda ya shiga tarago ya ajiye dabararsa a bakin ƙofa, ba abin da ya saura gare shi sai halinsa. Saboda haka, a zamanin da jirgin fasinja yake tashe, wanda ke son sanin ɗabi'un 'yan Adam ba sai ya buɗe littafi ba. Ya ishe shi ya yanki tikitin gama-gari a tashar Likoro ko ta Gimi, ya sami gefen benci, ya buɗe ido, ya kame baki.

Farkon wanda zai gamu da shi shi ne Mai Sammako. An shaida masa jirgi zai iso bayan azahar ranar Laraba, shi kuwa, saboda tsananin taka-tsantsan, tun la'asar ɗin Talata ya baro Hunkuyi da tabarma da buta da ƙullin fura, ya kafa sansani a inuwar tasha, yana yi wa duk wanda ya zo bayansa kallon malalaci. Kowace ƙara ya ji, ko ta injin niƙa ce, sai ya zabura ya naɗe tabarma. Amma bayan ya kwana bai runtsa ba, ya wuni bai kau da ido daga kan dogo ba, a daidai sa'ar da ya ce bari ya zaga ya kama ruwa, a nan ne jirgi zai yi usur, shi ne kuwa za ka hanga a bayan kowa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ana jawo shi ta ƙofa yana haki yana cewa, "Wallahi tun jiya nake nan!"

Na biyu shi ne Mai Ɗan Ƙunshi. Sanin kowa ne Allah ya albarkaci Makarfi da Kudan da rake da mazarƙwaila, ya albarkaci Ikara da tumatir, kuma ƙa'idar reluwe ita ce kayan da suka wuce na hannu a ɗora su a sikeli a biya musu kuɗi. Wannan bawan Allah kuwa, idan ma'aikaci ya tambaye shi, sai ya marairaice ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar tsaraba ce ta yara," alhali 'yar tsarabar ta ƙunshi damin rake biyu, da kwandon mazarƙwaila, da buhun masara, da zakara, da wata akuya da aka lulluɓe da zane aka tura ƙarƙashin benci, wadda ba ta tona asirin ubangidanta sai an yi shiru. Kafin jirgi ya motsa ya riga ya raba dukiyarsa ga jama'a amana: "Ɗana, riƙe mini wannan a cinyarka, in an tambaya ka ce naka ne." Haka za ka yi masa dako har Kano, ƙafarka ta sage, rigarka ta sha ruwan tumatir, sa'an nan ya ƙirga kayansa sau biyu a gabanka, ya sallame ka da "Allah ya yi albarka," ko gaɓar rake ɗaya ba ta fita ba.

Na uku shi ne Malamin Mas'ala, mutum ne mai ilimi na haƙiƙa, ba a musun wannan, illa dai Allah ya jarrabce shi da ƙaunar mujadala. Da zarar inuwa ta karkata, wani zai ce, "Allah gafarta Malam, yaya hukuncin sallarmu?" Sai Malam ya gyara rawani, ya bayyana cewa a Risala ba a yin ƙasaru sai tafiya ta kai burudi huɗu, watau mil 48, don haka mai zuwa Zariya daga Gimi, komai gajiyarsa, sai ya cika raka'a huɗu. Da a nan aka tsaya da an amfana; amma tarago bai taɓa rasa malami na biyu ba, wanda zai yi gyaran murya ya tambaya shin jirgin ƙasa da jirgin ruwa za a yi masa ƙiyasi ko da raƙumi, kuma ina hukuncin wanda ya kabbarta yana fuskantar alƙibla, dogo ya yi kwana, ya sallame yana fuskantar Katsina. Hujja ta bi hujja, nassi ya bi nassi, jirgi ya tsaya a Dangora ya tashi ba su sani ba, har rana ta yi ja, sa'an nan wata tsohuwa da ke kusurwa, wadda ta sauka ta yi alwala ta ba da farali tun a tashar da ta wuce, ta ce, "Malam, in kun gama a sanar da mu ko tamu ta yi."

Na huɗu shi ne Masanin Jirgi, wanda ƙanin mahaifinsa ya taɓa yin leburancin dogo, shi kuma ya gaji ilimin injiniya ta wannan hanya. Dalilin yawan tsayuwar jirgi a sarari yake: dogon nan tilo ne, faɗinsa ƙafa uku da inci shida, jirage biyu ba sa giftawa sai a tashar da aka yi wa layi na biyu, don haka wanda ya riga isa dole ya jira ɗan'uwansa ko da zai wuni. Amma wannan bayani ya yi wa Masani sauƙi da yawa. Shi a wurinsa Gwamna ne zai wuce, ko kuwa direba yana da mata a garin ya sauka cin tuwo, ko inji ne ya ji ƙishirwa, maganar da take da asali a zamanin jirgin kwal mai shan ruwa a tasha, amma bai bar faɗinta ba shekaru bayan dizal ya karɓi aiki. Abin da ya sa ba a iya kayar da shi, yakan gauraya ƙaryarsa da gaskiya: zai gaya maka an kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, haka ne, an rufe ƙaramin dogon Zariya zuwa Jos a 1957, haka ne, reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, haka ne, sa'an nan ya ƙara da cewa yana wurin a ranar, alhali a shekarar ko mahaifinsa ba a yaye ba.

Na biyar shi ne wanda taƙawa ke sauko masa farat ɗaya da jin motsin mai duba tikiti. Tun daga Zariya yake zuba hira da dariya, amma da hular ma'aikaci ta ɓullo a ƙarshen tarago sai ya ta da nafila, ya tsawaita sujada tsawaitawar da ko a goman ƙarshe na Ramalana ba a san shi da ita ba. 'Yar'uwarsa a wannan ɗariƙa ita ce uwar da shekarun ɗanta ke raguwa a bakin tasha: "Haba, ɗan nan, yaushe aka haife shi? Tsawon ƙafa ne kawai, gadon gidan ubansa," alhali yaron gashin baki ya fara tsiro masa, kuma shi ya ɗauko buhun.

Akwai kuma Hajiya Mai Nasaba, wadda ba ta iya zama kusa da mutumin da ba ta san kakansa ba. "Ɗan wane gida ne kai a Paki? Wace ce ta haife ka? Af, ashe kai jikan wance ne!" Kafin a kai Madobi ta gano kai ɗanta ne ta wajen shayarwa, ta san albashinka da dalilin rashin aurenka, kafin a ƙetare kogin Challawa ta yi maka mata. A gefenta Mai Barci yake, wanda ya ɗora wa tarago duka alhakin tashinsa a Gimi, aka girgiza shi ya ce a ƙyale shi, ya farka a Kano yana neman wanda zai kai ƙara.

Kada mai karatu ya zaci zamani ya shafe waɗannan jinsuna. Tun da aka buɗe sabon dogon Abuja zuwa Kaduna a watan Yuli na 2016, ɗan Ikara da ya bi mota zuwa tashar Rigasa yakan tarar da kujeru masu lamba da na'urar sanyaya ɗaki, ya kuma tarar da Mai Sammako a bakin ƙofa tun asuba ko da tikitinsa na cikin waya, da Masanin Jirgi yana karanta wa jama'a ƙaryar da wani ya rubuta a Facebook, ya huta da ƙirƙirar tasa.

Amma cikamakinsu duka, wanda na ajiye shi ƙarshe don girmamawa, shi ne Ɗan Kallo. Bai taɓa sayen tikiti ba, bai taɓa taka matakalar tarago ba, amma ba jirgin da ya taɓa tsayawa a Likoro bai je tarye ba. Ya san wanda ya tafi da wanda ya dawo, da wadda ta yi yaji da wanda ya biyo bikonta, kuma da magariba shi ke ba da labarin Ikko a dandali, dalla-dalla, har waɗanda suka je su riƙa tambayarsa abin da suka gani. Da jirgin fasinja ya yi ƙaranci a kan tsohon dogo, sauran jinsunan suka watse zuwa tashar mota, shi kaɗai ne sana'arsa ba ta mutu ba, domin jira ba ya bukatar jirgi; kuma tun da aka aza harsashin sabon dogon Kaduna zuwa Kano a watan Yuli na 2021, manya da yara, malamai da 'yan kasuwa, duk mun yi masa mubaya'a mun zauna a bayansa, shi kuwa har ya fara siffanta mana laushin kujerun.