Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kafiretar Babur Ɗina

Takarda ta fito daga hannun wani bawan Allah mazaunin Shinkafi, zuwa ga mai alfarma Kafireta, wadda ta tare a ƙarƙashin tanki, tsakanin matatar iska da inji. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da tambayar yadda kika kwana da sanyi, ko da yake amsar wannan tambaya na riga na same ta tun da asuba, a ƙwaurina na dama.

Amma ba'adu, dalilin wannan takarda shi ne abin da ya gudana tsakaninmu yau bayan sallar asuba, sa'ad da na fito cikin babbar riga, da goro a aljihu, da niyyar in tafi Badarawa raɗin sunan jikan wani amini nawa, alhali kuwa kin sani, kamar yadda kowa ya sani, ba a jiran mai latti a wurin suna, domin kafin rana ta ɗaga an shafa fatiha, an raba goro, mutane sun watse. Na naɗe hannuwan riga a kafaɗa, na buɗe mai, na ja cok, na yi bisimilla, na taka kik. Kika yi shiru. Na sake takawa, kika yi wani ɗan tari mai sa rai, sa'an nan kika koma barci. Haka muka yi ta yi har zufa ta karyo mini a cikin hunturun da ya sa almajirai suka kewaye murhun mai shayi, har daga ƙarshe ƙarfen kik ya dawo da hushi ya sare ni a ƙwauri, takalmina ya yi tsalle ya faɗa kwata, na faɗi wata kalma da ba ta dace da mai alwala ba.

Kada ki zaci jahili ne ke rubuto miki. Na bincika al'amarinki wurin ma'abota sani, sun kuwa warware mini shi dalla-dalla. Sun ce aikinki ɗaya ne tak: iska ta ratsa ta maƙogwaronki mai ƙunci, saurinta ya ƙaru, ta tsotso fetur daga ɗan kwanon da ke ƙarƙashinki ta wata 'yar kafa wadda da ƙyar bakin allura zai shiga, ki gauraya su bisa ma'auni, misalin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur in an bi nauyi, ki miƙa wa inji. Suka ce idan gari ya yi sanyi fetur ba ya son zama tururi, sai ya lafe a jikin bututu, abin da ke isa wurin fulogi ya zama kusan iska zalla, ga baƙin mai ya yi kauri, ga batir ya yi laushi. Saboda haka aka yi miki cok, domin a rage miki iska, rabon fetur ya ƙaru. Duk wannan na ji, na kuma karɓa, domin shari'a kanta ta san uzurin sanyi, har ta yi rangwamen taimama ga wanda ruwa zai cutar.

Abin da ban karɓa ba shi ne rashin haddi. Malamanmu, Allah ya saka musu, ba su bar komai a duhu ba: sun faɗa mana zakkar fidda kai mudun Annabi huɗu ce, sun ce tumaki sai sun kai 40 zakka ke hawa kansu, zinariya kuma miskali 20. Ke kuwa, tsakanin cok ɗin da ya gaza da wanda ya wuce kima, akwai wani siriri ƙwarai wanda ba ki taɓa bayyana wa kowa ba, kuma na tabbata kina matsar da shi cikin dare. In na rage, ki ce yunwa. In na ƙara, na ɗan murɗa totur don lallashi, ki tuttulo fetur har fulogi ya jiƙe sharkaf, warin mai ya cika ƙofar gida, sai an kwance shi an goge, an hura, an ɗan gasa shi da ashana. Ma'aunin da ya yi jiya ba ya yi yau. Wane irin hukunci ne wannan da ba shi da nassi, ba ƙiyasi, ba ijma'i?

Amma ko wannan da na haɗiye, da ba don abin da ya biyo baya ba, wanda shi ne ainihin ƙarata.

Bayan hantsi ya dubi ludayi, suna ya riga ya wuce, na turo ki da ɗingishi tun daga ƙofar gida har rumfar bakanike, ina amsa sannu ta dama da hagu, wasu sannun ma da dariya a ƙarƙashinsu. Na zauna a benci na yi wa maigidan rumfar bayani tiryan-tiryan, da rantsuwa, da nunin ƙwauri. Bai ma tashi ba. Ya yafuto wani yaronsa wanda bai isa azumi ba, yaron ya ɗora ƙafa ba takalmi, ya taka kik sau ɗaya, ko cok bai taɓa ba, sai ga ki kin tashi, kina wani lallausan kuka a silo, sumul, kamar yau aka kwance ki daga kwali. Yaron ya dube ni, ya dubi maigidansa, ya ce, "Baba, ai mashin ɗinga lahiya lau ya ke. Halama ƙahwa ce ta yi sanyi."

Ƙafa ce ta yi sanyi! Ni! A gaban masu facin taya, da 'yan bumburutu, da wani mai rake da ba a tambaye shi ba amma ya ce shi ma haka kakansa ya fara! Ke munafuka, wa ya koya miki wannan? Ki saɓa mini a ɓoye, cikin duhu, inda ba mai gani sai ladan da karnuka, sa'an nan ki fito bainar jama'a ki yi ladabi, ki mai da dattijo maƙaryaci? Ko alƙali na kai ki, shaidu biyu adilai zai nema, su kuwa adilan garin nan a lokacin da kike tsiyarki suna cikin bargo. Ban da mai shayi, shi kuwa ba zai yi shaida a kanki ba, tun da ke ce ke tara masa masu kallo. Kuma wannan ɗabi'arki ce tun shigowar hunturu: da asuba gawa, da hantsi waliyyiya.

Don kada in tashi hannu rabbana, bakaniken ya ce bari a wanke ki. Ya kwance kwanon nan da sukudireba, ya juye abin da ke ciki a tafin hannunsa, ya nuna mini wani jan laka mai laushi da ɗigon ruwa yana yawo a ƙarƙashin fetur, ya sa 'yar kafar nan a baki ya hura, ya ɗaga ta sama ya leƙa rana ta ciki. Masana sun ce galibin ƙurar da ke rufe mana sama daga Disamba zuwa Fabrairu daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, to, ga rabonki nan na biya kuɗi an fitar. Ruwan kuwa, na san daga galan ɗin wa ya fito, amma wannan wata shari'a ce dabam. Haka zancen fetur ɗin da kike zubarwa a ƙasa, wanda tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023 ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500 cikin 'yan kwanaki, bai kuma tsaya nan ba. Ba na ma son in taɓo abin da ya fi wannan nauyi, wato cewa a hanyoyinmu na Zurmi da Ƙaura da Isa, a wannan zamani, babur ɗin da ke ƙin tashi ba kullum ne abin dariya ba.

In kuwa za ki kafa hujja da cewa ke 'yar ƙasar zafi ce, sanyi baƙonki ne, to, tarihi ya ƙaryata ki. Kakarki a Jamus aka haife ta, a hannun Wilhelm Maybach, a shekarar 1893, a ƙasar da ruwa ke daskarewa ya zama dutse, ƙanƙara ta rufe hanya wata da watanni. Mu nan, ranar da sanyi ya yi tsanani, ɗan abin da ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 15 ne na sa'o'i kaɗan, kafin azahar kuma kowa na neman inuwa. Wannan ne ya kayar da jikar Jamusawa? Ki kuma tuna, can inda ake ƙera ire-irenki an daɗe da fara yi muku ritaya: Turai ta koma injekta, Indiya ma tun Afrilun 2020, da dokar hayaƙi ta tsananta, yawancin sababbin baburanta suka bi sahu. Mu ne muka riƙe ki, kuma da dalili, domin kowane yaro mai sukudireba da filaya a ƙarƙashin dalbejiya yana iya buɗe cikinki ya mayar, alhali ita injekta in ta yi fushi sai an nemi mai kwamfuta a Gusau ko Kano. A kan wannan har gardama na sha yi dominki a majalisa. Sakayyar ke nan.

Shawarwari kam na sha su. Wani ya ce in riƙa kwantar da ke a zaure in lulluɓa miki bargo. Wani ya ce in zuba wa inji ruwan zafi, uwargida ta ce, "Malam, ruwan da na dafa na alwala ne, in mashin zai yi salla sai a faɗa mini." Wani ya ce in sa giya ta biyu, in riƙe kuloci, yara su tura ni, in saki, Shinkafi kuwa ba gangare gare ta ba, yaran unguwa kuma sun fara yanka farashi.

Saboda haka ga matsayata. Ranar Alhamis kasuwa ke ci, kuma na yi niyyar in kai ki da tsakar rana, lokacin da kike cikin waliccinki, in sallama ki ga duk wanda ya taya. Sai dai ko a nan kin riga kin ɗaure ni, domin shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, ni kuwa zan bayyana. Zan ce wa mai saye, wallahi ba ta tashi da asuba. Shi kuma zai taka kik sau ɗaya, ki amsa masa da muryar nan taki ta gaban mutane, ya dube ni ya ce wa dillali tsohon nan ba ya son rabuwa da abinsa ne, a ƙara masa wani abu. In karɓi ƙarin, na ci haram. In ƙi, a ce na taɓu. Ki zaɓar mini ɗaya kafin Laraba da dare.

Wassalam.