Fasinjojin Kogin Amazon

Jirgin da ke tashi daga Manaus zuwa Tabatinga yakan shafe kusan mako guda yana fama da ruwa, kowa na reto a gadon lilonsa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ba wurin gudu. A nan ake sanin hali.

Sarkin fasinjoji shi ne Na-Gani-a-Talabijin. Tun ba a kwance igiya ba ya buɗe makaranta. Da aka iso inda baƙin ruwan Negro ya haɗu da jan ruwan Solimoyis, suna tafiya kusan kilomita 6 ba su gauraya ba, kowa ya yi tsit yana kallon ikon Allah, sai ga muryarsa: ai bambancin zafi ne da saurin gudu. Gaskiyarsa, amma wa ya tambaye shi? Ɗan jagoran da aka yanke wa cibiya a bakin kogin nan ma bai tsira ba. In ya nuna kada, sai an gyara masa sunanta. Ranar da aka yada zango ya hana kowa tsoma ko yatsa, wai kifin firanya kan cinye saniya kafin ƙiftawa da bismilla, alhali ga yaran ƙauye can suna ta alkafura a ruwan. Da dare aka kawo romon firanyar. Shi ya fara neman ƙari.

Akwai mai jiran damisa, wanda ya biya kuɗi don a nuna masa ita, aka yi ta nuna masa itatuwa. Akwai mai tsoron sauro, da ya shafa magani har mu muka fara jiri, sauron kuwa ko a jikinsa. Mai leƙen tsuntsaye ba ya magana, sai dai ya hana ka tari.

Sai wani Bahaushe da ƙunshin kilishi da yaji, wanda duk kwanar da kogi ya sha sai ya sake tambayar alƙibla. Da ya ga garin rogo a kowane faranti, ya shiga yi wa mutanen Brazil barka da koyon cin garin kwaki, har aka sanar da shi cewa daga nan Turawan Fotugal suka kai rogon Afirka. Ba zan faɗi sunansa ba. A gadonsa dai nake kwana.

Duk waɗannan ana dariya a wuce. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai neman “mutanen daji na asali”. An sauka a wani ƙauyen ƙabilar Tikuna, ya ga saurayi da rigar ƙwallo da waya a hannu, sai ya ɓata rai kamar an sayar masa da jabu. Fuka-fukai yake so a ka, da ƙirji a buɗe. Ya faɗa gidan mutane ba sallama, ya danna wa yarinya kyamara a fuska ba tare da ya nemi izinin uwarta ba. Shi ne fa a Manaus ya yi ta santin gidan wasan kwaikwayon da aka buɗe a 1896 da kuɗin roba, bai tambayi kakannin wa aka tilasta wa tatsar robar ba. Da wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta kare fuskarta, sai ya juyo wurin ɗan jagora yana tambaya ko nawa za a ba ta ta sauke hannun.