Ƴan Kwangila Iri-Iri, Aljihu Ɗaya

Daga Garhanga zuwa Keita, daga Tamaske zuwa Ibohamane, har ka gangara Buza da Madawa, ba a rasa mai cin gashin kansa: magina, masu haƙar rijiya, masu walda, masu kafa faifan sola, da waɗanda ake kira ɗan kwangila ko da kwangilarsu ta ƙarshe katangar makaranta ce tun shekarun baya. Babu mai albashi a cikinsu. Kowa shi ne ubangidan kansa, shi ne yaron kansa, shi ne kuma akawun kansa, kuma a aikin akawun ne ake shan kallo.

Akwai mai lissafin ka. Ka tambaye shi littafi, sai ya ɗora yatsa a goshi ya ce, "Duk yana nan." Gaskiyarsa kuwa, rabi yana nan. Yana tune da kowace dala da yake bin mutane tun kafin a karya darajar sefa a 1994, da ranar da aka karɓa, da wanda ke zaune a wurin. Bashin da ake bin sa ne kan ba ya riƙewa. Ranar da ɗansa ɗan lakkol ya sayo masa kaye da bik, sai rigima ta ƙaru: uban ya ce a rubuta ɗari, yana nufin dala ɗari, wato faran 500, yaron ya rubuta 100 kamar yadda aka koya masa a aji. Bayan wata uku littafin ya nuna duk garin sun biya har da ragowa. Daga nan aka mayar da kayen wurin rubuta lambobin waya.

Shugaban tawagar shi ne wanda ya ɗauki kafin alƙalami a matsayin riba. An ba shi ginin aji ɗaya, an miƙa masa kason farko don ya sayi kaya. A daren nan mai tsire ya san an samu kwangila. Kafin mako ya zagayo ya ɗinka shadda, ya canza babur, ya yi wa surukai alheri, har an fara raɗe-raɗin ƙarin aure. Sai ranar sayen kaya ya gano cewa simintin Malbaza bai san zumunci ba, ƙarfen rodi bai san kwarjini ba, mai kurar jakin da ke ɗebo yashi da ruwa kuma kullum yamma yake son nasa. Gini ya kai taga ya tsaya. In ka ga kango ya tsaya daidai taga, kada ka yi tambaya, shi ne ya bi ta wurin. Dabararsa ita ce ya karɓi kafin alƙalamin aiki na biyu ya rufe na farko, na uku ya rufe na biyu, yana tafe yana cewa kasuwa ce ta lalace. Abin da ya kasa yi ba ya buƙatar boko: ya ware kuɗin kaya, ya ware na lebura da sufuri, ya yanka wa kansa ladan yini kamar kowane ma'aikaci, abin da ya saura bayan an miƙa makulli shi ne riba. Amma aljihun rigarsa ɗaya ne, a ciki uwar kuɗi da kuɗin cefane da gudummawar biki suke kwana tare.

Sai mai aron takardu. Aikin ma'aikatar magajin gari ko na ƙungiyoyin agaji ba a ba da shi sai ga mai lambar haraji ta NIF, wadda hukumar DGI ke bayarwa, da rajistar kasuwanci ta RCCM. Shi ba shi da ko ɗaya, amma yana da aboki a Tawa. Abokin ya ba da takardu da hatimi, ya yanki kasonsa, kowa ya yi murna. Ranar da masu haraji suka zo da lissafin cinikin da aka yi da sunansa, abokin ya kira waya, sai aka ce masa lambar ba ta shiga.

Kishiyarsa shi ne mai jaka. Takardunsa cikakku ne, hatiminsa biyu, bakinsa cike da "debi" da "faktir". Shi ya gamu da TVA, harajin kashi 19 cikin ɗari. Ya ga miliyan ɗaya da jika 190 a takardar kwangila, ya lissafa su duka nasa, har ya ci bashi a kansu. Jika 190 ɗin nan ta gwamnati ce tun asali: ko a cire ta tun daga baitulmali, ko ya kai ta da ƙafarsa. Tun 2021 kuma aka shigo da takardar ciniki mai shaidar na'ura, wadda ba a rubuta ta a gindin bishiya. Har yau yana ba da labarin a majalisa da sunan an cuce shi.

Mai gudun lanho, wato haraji, kuwa ido gare shi. Tun daga bakin kasuwa yake hango mai tikiti, nan take alwala ta kama shi. A wurinsa kuɗin kai da mai gari ke tarawa, da tikitin kasuwa, da harajin sana'a na shekara duk abu ɗaya ne, wanda ya biya ɗaya ya biya duka. In an matsa masa sai ya ce, "Ni zakka nake fitarwa." Madalla. Zakka ɗaya ce cikin arba'in. A tambaye shi arba'in ɗin nawa ne, sai ya fara tari.

Mai kunya ba ya faɗin farashi. "Haba kawu, ni da kai? Abin da ka ba ni." Kawu ya ba shi abin da ya ba shi, shi kuma ya shekara yana kai ƙarar kawu wurin duk wanda ya tsaya.

Kada a manta da wakilin ɗan biɗa. Yayansa na Abijan ko Libiya yana turo kuɗi ta Nita ko Al Izza a gina masa gida, shi kuma yana tura hotuna ta WhatsApp. Hotunan suna da kyau ƙwarai, sai dai ginin na maƙwabci ne. Lissafinsu duka yana cikin saƙon murya, wayar kuma takan faɗa ruwa ana saura mako guda mai gida ya dawo.

Wadda ta fi su duka iya lissafi ba ta taɓa riƙe bik ba. Tsohuwa ce da ta ɗauki dutse a ka a aikin Projet Keita, wanda aka fara a 1984, lokacin da ake biyan ladan gyaran ƙasa da abinci, ta saba ƙirga kwanakinta kafin a ƙirga mata. Yanzu ita ke riƙe da asusun ƙungiyarsu irin ta Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar Maradi a 1991. Kowane mako ana zubi a gaban kowa, a faɗi jimilla da ƙarfi, mako mai zuwa a sake tambayar ta kafin a buɗe akwati. Kuɗin bashi daban, kuɗin taimakon haihuwa da rasuwa daban, ba mai taɓa wannan don wancan.

Wurinta mai kafin alƙalami ya je da aikinsa ya tsaya, ya durƙusa ya ce, "Inna, rance nake so, jika hamsin, in an biya ni in maido."

Ta dube shi, ta dubi shaddar, ta leƙa ta ga babur a ƙofar gida. Ta ce, "Ɗana, asusun na mata ne. Amma akwai mai neman babur a Tamaske, in kana so in aika a kira shi."