Yadda Na Sayi Wahala da Kuɗina a Ƙasar Biyetnam

Fataucin ƙwallon kashu ne ya kai ni ƙasar Biyetnam, domin kuwa kaso mai yawa na ɗanyen kashun da ake tarawa a Nijeriya can ake kai shi ta jirgin ruwa, su fasa, su gyara, su sayar wa duniya da tsada; ni kuwa da na ga shekaru suna ta shuɗewa ina ciniki da mutanen da ban san su ba sai ta murya, sai na ƙudura niyyar in je mu ga juna ido da ido. Na ɗauki ɗan ƙanwata, wanda ya yi boko mai zurfi, ya zama tafintana kuma ma'ajina, muka sauka a birnin Ho Ci Min, wanda har yau mutanensa suka fi kiransa da tsohon sunansa na Saigon.

Bayan mun kammala abin da ya kawo mu, yaron nan ya zo mini da shawara, ya ce bai kyautu mu bar ƙasar ba mu ziyarci ramukan yaƙi na Kuci ba, waɗanda ke arewa maso yamma da birnin, tafiyar kusan awa biyu a mota. Ya ce zuwa iri biyu ne: ko dai mu bi babbar bas tare da baƙi arba'in da jagora guda, ko kuwa mu ɗauki mota tamu da jagora namu na kanmu. Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Kawu, mutum mai daraja irinka ai bai dace a cusa shi cikin bas tare da 'yan gajeren wando ba." Maganar ta yi mini daɗi, na ciro kuɗi ninkin ba ninkin na biya.

Akwai wata mas'ala a nan da ya wajaba a kan yaron ya bayyana mini, tun da shi ne ya karanta takardar tsarin ziyarar, amma ya yi shiru. Idan mutum arba'in suka tsaya a bakin rami, jagora ya ce wa zai gwada shiga, to, shigar ta zama farlu kifaya: dattijo sai ya duƙa yana gyara takalminsa, wani saurayi mai rawar kai ya faɗa, nauyin ya sauka daga kan kowa. Amma idan kai kaɗai ne baƙon da ya biya, kuma jagoran mutum ne mai amana da ba ya son cin kuɗin da bai yi wa aiki ba, to, kowane rami da ke dajin nan ya zama farlu aini a kanka.

Jagoran namu wani siririn saurayi ne mai fara'a, wanda ba ya faɗin abu, kome muninsa, sai da murmushi. Tun a mota, muna ratsa gonakin shinkafa da na roba, yake ba da tarihi, ɗan ƙanwata yana juya mini. Ya ce a ƙarshen shekarun 1940 aka fara haƙa ramukan, zamanin da mutanen ƙasar ke yaƙi da Faransa, wadda cikin rundunarta har da 'yan Afirka ta Yamma da ta ɗebo daga ƙasashen da take mulka; da aka karya Faransa a 1954, aka raba ƙasar gida biyu, Amurka ta shigo ta goyi bayan gwamnatin Kudu, sai mayaƙan sunƙuru da ake kira Biyet Kong suka bi tsofaffin maɓoyan ƙauyuka suna haɗa wannan da wancan, da guntuwar fartanya da kwandon gora, suna kwashe ƙasar da dare su zuba a kogi ko a gona, har tsawon hanyoyin ya haura kilomita 200, mataki uku, na sama zurfinsa kimanin mita 3, na ƙasa kusan mita 10, da ɗakunan kwana, da na shawara, da asibiti, da rijiyoyi, da ma'ajiyar makamai.

Da muka shiga dajin, ya fara nuna mini abubuwan da hankali ya yarda da su. Ya kai ni gindin wani suri, na ce masa ai suri ba baƙona ba ne. Ya sa sanda ya nuna mini wasu 'yan ƙofofi a gindinsa, ashe hannun mutum ne ya gina shi don iska ta riƙa shiga wa na ƙasa. Ya nuna mini madafarsu, wadda aka ja wa hayaƙinta doguwar hanya ta cikin ƙasa, ana tara shi ɗaki bayan ɗaki, har ya fito can nesa a raunane yana bin ciyawa, kuma da asuba suke girki don ya saje da hazo, kada jirgin sama ya gani. Ya nuna mini tarkuna iri-iri da aka kafa wa tsinin gora da na ƙarfe, yana danna kowanne da sanda yana murmushi, ni kuwa ina ja da baya ina neman tsari.

Sai muka isa wani fili da busasshen ganye ya rufe, ya ce in nemo ƙofa. Na duba gabas, na duba yamma, ban ga kome ba. Ya sa ƙafa ya share ganyen da ke daf da takalmina, sai ga wani murfin katako da faɗinsa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, tsawonsa kamar taƙi biyu. Ya ɗaga, ya zura ƙafafunsa, ya watsa ganye a kan murfin, ya ɗauke shi bisa kansa da hannu biyu, ya sulale ƙasa, wurin ya koma kamar ba a taɓa halittarsa ba. Na yi tasbihi. Can ya ɓullo, ya kakkaɓe jikinsa, ya miƙo mini murfin.

Na nuna ɗan ƙanwata. Ya ce, "Haba Kawu, ni ne fa mai ɗaukar hoto, kuma ai kuɗinka ne." Jagora ya ce kada in damu, wannan bakin an faɗaɗa shi saboda baƙi. Ya roƙe ni in tuɓe babbar rigata, na ce ban taɓa tsayawa a bainar jama'a da 'yar ciki ba, ba kuma a ƙasar wasu zan fara ba. Na naɗe ta na saɓa a kafaɗa, na yi bisimilla, na zura ƙafa.

Ƙafafu suka wuce lafiya. Cinyoyi suka yi gardama, aka lallashe su. Da aka zo kan tumbi, wanda na kwana biyu ina azabtar da shi da burodi da shayi saboda tsoron naman alade da ya yawaita a abincin ƙasar, amma ko alama bai ragu ba, sai jagora ya ce in fitar da numfashi duka. Na fitar, na sauka kamar taƙi guda, sa'an nan larura ta tilasta mini in sake shaƙa, tun da ɗan Adam ba ya rayuwa sai da haka, nan take na toshe bakin ramin nan kamar yadda ake toshe buta da totuwa. Ƙasa ta ƙi karɓata, ta kuma ƙi sakina. Ƙafafuna suna lilo cikin duhu ba su taɓa kome ba, hannuwana suna sama riƙe da murfin katako, domin ba wanda ya tuna ya karɓe shi daga gare ni.

Jagora ya kama hannu ɗaya, yaro ya kama ɗayan, suka ja har suka gaji, jimillar nauyinsu kuwa ba ta kai nawa ba. Suka tsaya suna shawara da Turanci. Ni kuwa, da yake rana ta fara karkata, sai tunanina ya tafi ga sallar azahar: shin wanda rabinsa ke cikin ƙasa, a tsaye ake lissafa shi ko a zaune, kuma ta yaya zai juya ga alƙibla, wadda a waccan ƙasa yamma take, alhali gabas na fuskanta lokacin da na maƙale? Ina cikin wannan nazari sai na ji harbin bindiga ya kaure a kusa, ba ƙaƙƙautawa. Na san dai an gama yaƙin tun 1975, amma mutumin da ba zai iya gudu ba ba ya dogara ga tarihi. Na shiga salati da ƙarfi, har sai da yaron ya daina dariya ya gaya mini cewa filin harbi ne, inda baƙi ke sayen harsashi su gwada AK-47 da sauran bindigogin zamanin.

Ceto ya zo ne daga inda na biya kuɗi don in guje masa. Bas ɗin nan ta iso, mutum arba'in suka ɓullo ta cikin bishiyoyi, suka tarar da rabin Alhaji da hula da babbar riga ya tsiro daga ƙasa yana riƙe da katako. Jagoransu bai yi wata-wata ba ya tsaya a kaina ya ci gaba da bayani yana nuna ni, kowa ya ciro waya. Daga bisani wasu ƙattan Turawa biyu suka ji tausayi, suka sa hannu ta ƙarƙashin hammatana, aka ƙirga uku, aka fizge ni. Na fito, amma takalmi ɗaya ya zauna, zariyar wandona kuma ta tsinke. Aka tafa mini.

Jagorana ya faɗa ramin ya ɗauko takalmin, ya miƙo mini da hannu biyu, ya shiga ba ni haƙuri da tarihi. Ya ce ba ni ne farkon babban baƙo da ramin ya ƙi ba. A watan Janairu na 1966 sojan Amurka da na Ostireliya kimanin 8,000 suka mamaye yankin. Shekara ta zagayo aka dawo da kusan 30,000, da motocin rusau, aka share daji, aka kwashe ƙauyuka. Da suka ga ƙattansu ba sa shiga, sai suka riƙa zaɓo ƙananan mutane daga cikinsu, a ba mutum ƙaramar bindiga da tocila ya rarrafa shi kaɗai, suna ce musu ɓerayen rami. Har babban sansani Amurka ta gina a Kuci ba tare da sanin cewa akwai ramuka a ƙarƙashinsa ba, kuma daga wannan yanki aka shirya wani ɓangare na farmakin da aka kai wa Saigon a farkon 1968. Sai a ƙarshe aka koma ga ruwan bama-bamai na jiragen B-52, waɗanda manyan kwazazzabansu suna nan har yau, ciyawa ta rufe. Na ji sanyi a raina da na san abin da ya same ni ya taɓa samun gwamnati.

Da an bi ta tawa, a nan ziyara ta ƙare. Amma saura ramin rarrafe, mai tsawon mita 100, da mafita a kowane mita 20, kuma ina tsaye riƙe da wando wata tsohuwar Baturiya mai furfura ta miƙa wa jikarta jaka ta shige. Yaro ya dube ni ya ce, "Kawu, in an tambaye ni a gida, gaskiya zan faɗa." Na shiga.

Tafiyar da ake yi a ciki wata siffa ce tsakanin ruku'u da sujada wadda ban taɓa cin karo da sunanta a littattafan fiƙihu ba, ga zafi, ga ƙarancin iska, ga warin danshin ƙasa, ga hannu ɗaya da aka keɓe wa wando. Jagora ya yi gaba da tocilarsa ya sha kwana, duhu ya rufe ni, wani jemage ya shafi kunnena ya wuce, hulata ta bi shi. Duk wa'azin da na taɓa ji a kan matsin kabari, wanda a da nake saurare ina gyangyaɗi, ya dawo mini dalla-dalla. Na ɗaga murya na fara yi wa yaron wasiyya, yana biye da ni a baya: na faɗi inda takardun gida suke, na ba masallacin unguwa sulusin kuɗin kashu, na yafe bashin da nake bin wani maƙwabcina. Ya ce, "Kawu, duka?" Na ce duka. Ban rufe baki ba na hango haske a sama, ashe mafitar farko ce, mita 20 kacal muka yi. Da na zauna a gindin bishiya numfashina ya dawo, na tunatar da shi cewa malamai sun yi ittifaƙi a kan mai wasiyya yana da ikon janye ta muddin yana raye.

A wata rumfa aka kawo mana dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa da gishiri, da shayi mai ƙamshin ganye, jagora ya ce wannan shi ne abincin mutanen ramin a mafi yawan kwanakinsu. A nan dariyar ta ɗan gushe mini. Mita 20 na yi, a ramin da aka faɗaɗa, ba mai nemana da bindiga, na raba dukiyata. Su kuwa shekaru suka yi a ciki, maza da mata, suna fama da zazzaɓin cizon sauro da kunama da shanshani, ana yi wa masu rauni tiyata a hasken fitila, ba sa fitowa sai dare. Ko me mutum zai ce game da siyasar yaƙin nan, wanda ya haƙa wannan rami yana cin rogo ya cancanci a jinjina wa haƙurinsa. Na cinye nawa, na ci na yaron, don ladabtarwa.

Wanda Allah ya kai shi Biyetnam ya je Kuci, ziyara ce da ta cancanci wahalarta. Amma ya bi bas, ya tsaya a sahun baya, ya ɗaura zariya mai ƙwari. Hoton maƙalewata a rami kuwa, na samu labarin ɗan ƙanwata ya tura wa uwarsa tun muna cikin daji, ita kuma ta tura wa dangi, har na ji ya kai kasuwa. Duk wanda hoton ya faɗo wayarsa, ina roƙonsa don Allah ya goge.