Jama'ar Meteors: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Tun kafin a buɗe ƙofar gidan wasa ake gane cewa The Meteors ne za su hau dandamali a daren. Layin da ke bakin titi ya isa shaida. Kawuna an aske su ƙwal a gefe da ƙeya, an bar tulin gashi a gaba an miƙar da shi kamar bakin gatari. Riguna baƙaƙe masu hoton ƙoƙon kai. Takalma masu kaurin ƙasa, kai ka ce burodi aka liƙa wa mutum a tafin ƙafa. Mai wucewa da bai san dawan garin ba sai ya tsallaka ɗaya gefen titi. Da zai tsaya ya kasa kunne, da ya ji rabin hirar a kan ciwon gwiwa ce da tsadar tikitin jirgin ƙasa.

Ƙungiyar ta kafu a kudancin Landan a 1980 da mutum uku: P. Paul Fenech mai jita da waƙa, Nigel Lewis mai bes, da Mark Robertson mai ganguna. Sun ɗauko rokabili, kiɗan da Elvis Presley da abokansa suka fito da shi daga kamfanin Sun na Memphis a 1954, suka zuba masa saurin kiɗan pank da tsiwarsa, suka cika baitoci da gawarwaki da fatalwa da dodannin finafinan ban tsoro. Abin da ya fito shi ake kira saikobili. Kalmar ta girme su, don ta fito a waƙar Johnny Cash ta 1976, One Piece at a Time, kuma The Cramps na Amurka sun riƙa rubuta ta a takardun tallan wasanninsu. Amma Meteors ne suka mayar da ita ƙabila guda, da askinta da suturarta da rawarta. Lewis da Robertson sun daɗe da kama gabansu, makaɗa da yawa sun shigo sun fita. Fenech na nan daram sama da shekara 40, haka ma mutanen da ke biye da shi.

Na farko da ake cin karo da shi a layi shi ne dattijon Klub Foot. Klub Foot wani daren wasa ne da ake yi a zauren otel ɗin Clarendon da ke Hammersmith daga 1982 zuwa 1988, inda Meteors da Guana Batz da Demented Are Go da sauransu suka yi tashe. A 1988 aka rufe wurin, aka rushe ginin. Dattijon bai yafe ba har yau. Duk wasan da aka yi bayan wannan shekara, a wurinsa inuwa ce kawai. Yana ba da labarin zamanin da Fenech kan kurɓi jinin kaji ya fesa wa 'yan gaba, da daren ƙungiyar King Kurt da ake jifan juna da ƙwai da garin fulawa har mutum ya koma gida kamar an shirya shi don suya. Yana faɗa idanunsa na ƙyalli, irin na mai tuna daren angoncinsa. Abin lura ɗaya ne: in aka tara duk waɗanda ke rantsuwa suna Klub Foot tun daren farko, sai an nemi filin Wembley kafin a samu inda za su tsaya. Duk da ƙorafinsa, dattijon bai taɓa fashin wasa ba, kuma shi ke fara isowa, don ya kama gurbi kusa da bango inda zai jingina.

Tsakiyar zaure ba ta masu jingina ba ce. Nan ne gidan ɗan fili.

Rawar saikobili ana ce mata rekin, ma'anarta rusau, kuma masoyan ƙungiyar suna kiran kansu da sunan faifanta na 1983, Wreckin' Crew, wato gungun 'yan rusau. Ɗan fili kan tuɓe riga tun a waƙa ta biyu, ya soke ta a bayan wando, ya bayyana bayan da zane ya cinye kaf. Ya dunƙule hannu, ya buɗe gwiwar hannu, ya shiga kai naushi gaba da gefe yana tangaɗi, na kusa da shi ma haka, har fili ya zama kamar tukunyar wake a kan wuta. Baƙo zai rantse faɗa ne ya ɓarke. Sai dai wannan rusau yana da ladubba da suka fi na wasu majalisu tsauri. Ba a nufin fuska da gangan. Ba a jawo wanda ya tsaya a gefe. Wanda ya faɗi, hannaye huɗu ko biyar za su ɗaga shi kafin ya gama sanin ya faɗi, kuma sau da yawa hannun da ya kayar da shi ne kan gaba. In takalmi ya fita, wani zai ɗaga shi sama yana cigiya. Da waƙa ta ƙare, ƙaton da ya kusa karya wa maƙwabcinsa haƙarƙari sai ya rungume shi yana haki, su yi dariya, su jira ganga ta sake tashi.

Ɗan fili iri biyu ne. Akwai matashi mai ƙarfi kamar ingarma, wanda ke kai naushi goma a banza. Akwai kuma tsohon hannu, mai tumbi kamar randa, wanda ba ya motsi sosai. Yana tsaye a tsakiya, ƙafafu a ware, matasa na zuwa su bangaje shi su dawo da baya kamar ƙwallo ta bugi gini. Waƙa uku yake yi ya fita shan iska. A cikin ukun nan ba mai iya gusar da shi ko taƙi ɗaya.

Mai zanko kuwa ba ya shiga fili ko da kuɗi. Ya ɓata awa guda gaban madubi da mataji da na'urar busar da gashi da gwangwanin feshi, har gashin ya miƙe gaba kamar rufin shago, wani lokaci kore, wani lokaci ja. Yana tafiya wuya a sandare kamar mai ɗauke da tulu. Abokan gabansa uku ne: ruwan sama, ƙofar mota, da gumin zaure. Kafin tsakiyar wasa zafi ya narkar da ginin, zanko ya kwanto a goshi kamar kunnen akuya, mai shi ya ruga bayan gida gyara. A can yakan tarar da yayansa a wannan harka, wanda sanƙo ya ci zankonsa tun tuni. Wannan ya aske kan ƙwal ya ce ra'ayi ne. In mai zanko ya wuce, yakan bi shi da wani irin kallo da ba a san ko sha'awa ba ne ko ta'aziyya.

Sai mai tsarkin aƙida. Meteors suna da take da ake taƙaitawa da haruffa shida, OTMAPP, wanda ke cewa su kaɗai ne saikobili tsantsa. Wannan bawan Allah ya sa an zana masa haruffan a damtse, kuma ya ɗauke su da gaske fiye da wanda ya ƙirƙiro su. A ambaci Tiger Army na Kalifoniya, sai ya ce kiɗan yara ne. A ambaci Mad Sin na Balin, ya ce sun cika gudu. Nekromantix na Denmak, waɗanda jagoransu Kim Nekroman ke kaɗa bes mai siffar akwatin gawa, ya ce wasan kwaikwayo ne. Abin dariyar shi ne, a farkon fitowar Meteors, masu tsarkin aƙidar rokabili ne suka yi musu ihu suka ce sun ɓata kiɗan iyaye da kakanni. Jikan waɗanda aka kora daga zaure yanzu shi ne mai gadin ƙofa. A motarsa, in aka bincika da kyau, ba za a rasa faifan Batmobile na Holan a ɓoye ƙarƙashin kujera ba.

Kusa da dandamali, ta ɓangaren da mai bes yake, akwai wani da bai zo kallon Fenech ba sam. Bes ɗin saikobili jibgegen abu ne mai siffar goge, tsayinsa ya kai na mutum, a ƙasa ake kafa shi. Makaɗin kan fizgi tsirkiya ya sake ta ta maru da katako, ya bi ta da tafin hannu, sai a ji amo biyu lokaci guda, gurnani a ƙasa da ƙwas-ƙwas a sama kamar ana fasa gyaɗa. Ɗalibin bes ya kafe yatsun makaɗin da ido tun daga farko har ƙarshe, yatsunsa na motsi a kan cinyarsa, duk sun sha filasta saboda bororo. A gida yana da nasa bes ɗin, wanda ya cinye rabin falo da duk haƙurin maƙwabta. Kada a kuskura a tuna masa cewa a wasu shekarun 1980 Meteors da bes na lantarki suka yi aiki. Ya sani. Ba ya son maganar.

Mai tara fayafai a bakin teburin kaya yake ƙare darensa. Yana da In Heaven na 1981 bugun farko, da Stampede, da Monkey's Breath, da Sewertime Blues, kowanne cikin leda, ba a taɓa ɗora wa wasunsu allura ba. Ya sayi sabo a daren, ya rungume shi a ƙirji, saboda haka bai tafa ba, bai yi rawa ba, bai ga komai ba sai ƙeyar mutane.

Wadda ta fi kowa ganin wasa ita ce uwar gaba. Ta zo da gashi baƙi wuluk an datse shi a goshi, jan baki kamar barkono, da takalmin da ya fi na mazan nauyi. Ta riƙe ƙarfen gaban dandamali da hannu biyu, guguwar fili na dukan bayanta, ko gezau. Ta haddace kowane baiti. In wani ƙato ya yi gangancin faɗo mata sau biyu, waiwaye ɗaya take yi, sai a ga ƙaton yana ba da haƙuri da hannu biyu yana ja da baya. Masu gadin zaure sun san aikinsu ya ragu a duk inda take tsaye.

Wani lokaci akan samu wanda ya ɓato hanya, ya zo da tuta ko taken jam'iyya. A Ingilar farkon shekarun 1980, rikicin 'yan ra'ayin riƙau da 'yan gurguzu ya tarwatsa wasannin pank da dama, shi ya sa Meteors suka ce siyasa a bar ta a bakin ƙofa, magoya baya suka riƙe wannan kamar wasiyya. Mai tuta ba ya daɗewa. Ba a cika yi masa dogon bayani ba.

Akwai kuma matafiyi, wanda kalandarsa ba ta san hutun iyali ba. Da rani yana gaɓar tekun Sifaniya, inda ake babban taron saikobili duk shekara, ana ganin mutane da baƙaƙen kaya da fuskar gawa suna shafa man kariyar rana. Wani lokacin yana Northampton wajen taron Bedlam Breakout. In aljihu ya yi nauyi, sai Curitiba a Barazil, garin da ake Psycho Carnival a daidai lokacin da sauran ƙasar ke rawar samba. Ba ya jin Jamusanci ko Fotugisanci, amma yana da wurin kwana a gari goma sha, duk a kan kujerar falon wani mai irin askinsa.

Abin tausayin dare shi ne ɗan rakiya. Abokin aiki ne ko sabon saurayi, an ce masa kiɗa ne irin na Elvis. Ya zo da riga mai kwala, fara tas. Da Fenech ya fito ya tsaya gaban makirfo, fuska a murtuke, ba sannu ba barka, ya ja jita ta yi wata ƙara kamar ana yaga kwano, ɗan rakiya ya nemi ƙofa da ido. Fenech ba mai tsalle-tsalle ba ne, ba ya roƙon tafi. Waƙoƙin gajeru ne, yawanci minti biyu zuwa uku, ana jero su ba numfashi, muryar kuma kamar ana jan buhun tsakuwa a kan siminti. A waƙa ta biyar ƙafar ɗan rakiya ta fara bugun ƙasa ba da izininsa ba. A ta goma wani ya bangaje shi, ya rama, aka yi masa murmushi da bakin da ya rasa haƙori biyu. Ya ciro waya zai ɗauki hoto, gwiwar hannun wani ta aika ta ƙarƙashin dandamali.

Da aka kunna fitilu, zaure ya koma kamar kasuwa bayan ruwan sama: kofunan roba, mataji guda, takalmi wari ɗaya. Dattijon Klub Foot yana gaya wa duk mai saurare cewa wasan ba laifi, amma bai kama ƙafar na 1984 ba, alhali muryarsa ta dishe don ihu. Tsohon hannu na zaune a kan matakala yana ɗaure gwiwa. Uwar gaba ta karɓe takardar jerin waƙoƙi daga hannun mai kwashe kaya ta naɗe a jaka. Ɗan rakiya, kwala a yage, gilashin waya a tsage, yana tsaye a teburin kaya yana tambaya ko akwai baƙar riga daidai jikinsa, mai tsarkin aƙida kuma na gefensa yana nuna masa faifan da ya kamata ya fara da shi.