A Amurka Kuɗi Ma Suna da Baki, Kotu Ce Shaida

Na san halinku, masu karatu. Da zarar na ce kotun ƙolin Amurka ta sa kashe kuɗi a siyasa cikin 'yancin faɗin albarkacin baki, wani zai taɓe baki ya ce malam ya fara shaci-faɗi. To a gyara zama, a ajiye taɓe bakin nan sai na gama.

Badaƙalar Watergate ce mafari, wadda ta tilasta wa shugaba Nixon murabus a 1974. A shekarar ce majalisa ta ɗaure kuɗin kamfe tamau: kada mutum ɗaya ya ba ɗan takara fiye da dala 1,000 a zaɓe guda, shi ma ɗan takarar aka yanka masa iyakar abin da zai kashe. Sanata James Buckley da abokansa suka garzaya kotu. A 1976 alƙalai suka raba dokar gida biyu. Abin da ka danƙa wa ɗan takara, an yarda a ƙayyade shi, don yana iya zama toshiyar baki. Abin da ka kashe da kanka kana tallan ra'ayinka kuwa, babu mai taka maka burki, domin gyaran farko na tsarin mulkinsu, na 1791, ya hana majalisa tauye magana, kuma a zamanin talabijin magana ba ta isa kunnen jama'a sai da kuɗi.

Alhaji na can baya, na ga kana gyaɗa kai, hukuncin ya yi maka daɗi. Bi a sannu, za mu zo kanka.

A 2002 dokar sanatoci McCain da Feingold ta hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ɗaukar nauyin tallan da ke ambaton ɗan takara idan zaɓen fid da gwani ya rage kwana 30, ko babban zaɓe ya rage kwana 60. Sai wata ƙungiya mai suna Citizens United ta shirya fim na caccakar 'yar takara Hillary Clinton a 2008, doka ta tare mata hanya, ta kai ƙara. Ranar 21 ga Janairu 2010 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu: kamfani ma yana da bakin magana, ya kashe iya ƙarfinsa, muddin bai haɗa baki da ɗan takara ba.

Kai kuma ƙanena ɗan boko, da kake cewa ai sai a haramta kowa ya huta, saurara. A zaman shari'ar na Maris 2009 alƙalai sun tambayi lauyan gwamnati: idan kamfani ya buga littafi da kuɗinsa, a ciki aka ce a zaɓi wane, gwamnati na da ikon hana shi? Lauya ya amsa cewa tsarin mulki bai hana ba. Nan fa ido ya raina fata. Yau ka ba gwamnati wannan almakashi don ta datse bakin attajirin da ba ka so, gobe wanda ba ka zaɓa ba ne zai hau mulki ya tarar da shi a kan tebur. Alƙalan nan ba mahaukata ba ne, tsoronsu yana da tushe.

Inda ni nake dariya shi ne sharaɗin nan na kada a haɗa baki. Alƙali Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin, ya tsaya a kan cewa kuɗin da aka kashe a gefe ba sa haifar da cin hanci, ko kamarsa ma ba sa haifarwa. Daga nan aka samu kwamitocin da ake kira Super PAC, masu karɓar gudummawa ko nawa ce. A zaɓen 2024 dala 3,300 kacal doka ta yarda ka ba ɗan takara a hannu, amma Elon Musk ya zuba sama da dala miliyan 250 don taya Trump, mafi yawa ta kwamitin da ya kafa da kansa, bayan zaɓe kuma aka gan shi yana kai-komo a fadar White House. Abin ya yi kama da maroƙi a gidan biki: yana ta wasa ango, abokin ango na masa liƙi, ango kuma na rantsuwa bai san da zuwansa ba.

Ba ku yarda ba? Ɗan barkwanci Stephen Colbert ya kafa nasa kwamitin a 2011, ya tara sama da dala miliyan ɗaya. Da ya ce zai gwada takara a farkon 2012, sai ya miƙa kwamitin ga amininsa Jon Stewart a gaban kyamara, lauyansu ɗaya, tsohon shugaban hukumar da ke sa ido kan kuɗin zaɓe, yana zaune yana tabbatar musu doka ba ta karye ba. Ita hukumar kujerun kwamishinoni shida gare ta, jam'iyya ɗaya ba ta wuce uku, hukunci kuma sai da ƙuri'a huɗu. Ku yi lissafin da kanku.

Yanzu Alhaji, ga naka. Michael Bloomberg ya kashe sama da dala biliyan ɗaya daga aljihunsa a 2020 yana neman tikitin jam'iyyar Dimokurat. Abin da ya ci shi ne Samowa ta Amurka, 'yan tsibirai a tsakiyar teku. Kotu ta ba kuɗinsa baki, ba ta ba su kunnen masu zaɓe ba. Ni dai a ganina cin zaɓe ba shi ne babban abin da kuɗin nan ke saye ba. Suna sayen a ɗaga wayarka idan ka kira bayan an rantsar da mutum, wannan kuwa kotu ta ce ba cin hanci ba ne.

Hajiya kuma na ji kina cewa gara mu, tamu dokar ta yi iyaka. Gaskiyarki, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa a Najeriya kada ya kashe fiye da naira biliyan 5, a shekarar da fam ɗin takara kaɗai ya kai naira miliyan 100 a APC. Idan kin san wanda ya zauna ya ƙirga sauran, har da na daliget da na buhunan shinkafa, ki gaishe mini da shi.